Ni Na Kashe Kwamfutar, Ba Hannatu Ba

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na san halin masu sharhi a nan, na sha ganin yadda ake yi wa mutum wankin babban bargo, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na sha sa baki. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Maganar a taƙaice ita ce, yanzu haka akwai wata baiwar Allah da take zaune a gidan yayanta, aurenta yana tangal-tangal, a kan laifin da ni na aikata. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ita kanta ta yarda cewa ita ce mai laifin.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Abuja, a sashen da ke sayen kayan aiki, musamman kwamfutoci. Ina da amini Kirista, zan kira shi Bulus. Tare muka fara zaman garin nan, ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, risho ɗaya, lokacin da ko kuɗin motar shiga gari sai mun yi karo-karo. Ni ina kiransa Fasto, shi yana kirana Liman, alhali daga ni har shi babu wanda ya taɓa jan ko mutum biyu a wurin ibada. Shi makaɗin kibod ne a cocinsu, yana kuma koyar da kiɗa a wata makarantar kuɗi. Mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Mama, tana zaune a garin Uke. Lokacin da nake yawon neman aiki har takalmina ya buɗe baki, ita ce take aiko mana da doya da acca. Idan na je gaishe ta sai ta aika a sayo nama wurin mahauci Musulmi, ta ware mini tukunya, ta fito da sabon zanenta ta shimfiɗa mini in yi salla a kai. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ɗana Liman". Ina faɗa muku wannan ne don ku san girman hannun da na ciza.

Mama mawaƙiya ce, amma ba irin ta rediyo ba. Waƙoƙin yarensu take yi, wani ƙaramin yare da ko jikokinta ba sa jin sa sosai. Akwai waƙar niƙa, da ta rakiyar amarya, da wadda ake yi idan an haifi tagwaye, da waɗanda ake raka gawar dattijo da su. A wurin kakarta ta koya, kuma Bulus ya ce duk garinsu babu sauran wadda ta riƙe su kaf sai ita. Ni ba na jin ko kalma ɗaya, amma duk ranar da ta ɗaga murya sai tsikar jikina ta tashi. Kwatsam sai wani ƙari ya fito mata a maƙogwaro. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bai ɓoye musu komai ba, ya ce ana sa ran ceton ranta, amma muryar da wuya ta dawo. Ya sa musu rana, ya ce kafin lokacin ta rage magana. Bulus ya zo wurina idonsa jawur, ya ce yana son ya naɗe waƙoƙin nan duka kafin a shiga da ita. Na ce ai ga situdiyo nan birjik a gari. Ya ce Mama ta ƙi, ta ce ba za ta shiga akwatin gilashi ta yi wa baƙi waƙar mutuwa ba, kuma tsohuwar da sai ta zauna ta tuno baiti ba za a biya mata kuɗin awa ba. Mafita ɗaya ce, a haɗa kayan naɗar sauti a falonsa.

Matarsa, wadda zan kira Hannatu, tela ce, tana da ɗan shago a kasuwar Wuse. Ta daɗe tana zubin adashe don ta sayi babban keken ɗinki mai lantarki. Da kwasarta ta zo sai ta haɗa da ɗan abin da Bulus ya tara, suka zo gidana su biyu. Da hannunta ta ajiye mini baƙar leda a kan tebur, naira dubu ɗari huɗu da hamsin.

Ta ce, "Yaya Liman, mu ba mu san kan waɗannan abubuwa ba. In muka shiga kasuwa da kanmu cinye mu za a yi. Kai ne idonmu."

Wallahi Anti, a ranar da zuciya ɗaya na karɓa, kuma aikin da na fara yi aiki ne na tsakani da Allah. Na zauna na karanta abin da manhajar kiɗan da Bulus yake amfani da ita take buƙata. Shi ya ƙwallafa rai a kan wata siririyar laftop mai sheƙi, irin wadda manyan mawaƙa suke ɗaukar hoto da ita. Na ce masa, "Fasto, ado kake so ko aiki?" Na nuna masa cewa da kuɗin wannan guda ɗaya za a haɗa ta tebur da ta fi ta ƙarfi, har a samu ragowar makirufo mai kyau da akwatin sauti da sifika. Na yi musu bayanin ram, na ce wa Hannatu kamar teburin yankanta ne, in ya yi ƙanƙanta yadi ya riƙa zubewa ƙasa ke nan, ta yi dariya ta ce yanzu ta gane. Na ce dole faifan ajiyar da ke cikinta ya zama sabo fil, dole a sayi na biyu na waje da za a riƙa kwafe aikin kowace rana, dole kuma a sayi akwatin riƙe wuta, domin wutarmu ba ta sallama idan za ta tafi. Da bakina na ce musu ko da za mu haƙura da sifika, waɗannan ukun ba za a taɓa su ba. Na raba kuɗin gida-gida, fiye da rabi a kan kwamfutar kanta, har da ɗan rarar man janareta. Bulus ya rungume ni ya ce Allah ne ya ajiye ni a rayuwarsu.

Ga inda abin ya lalace. Akwai wani ɗan kasuwa da yake kawo wa ofishinmu kaya, zan kira shi Oga Sam. A lokacin kuɗi yana yawo a gari, kwangila ta ko'ina, ma'aikatu suna canza kwamfutoci kamar riga. Tsakaninmu da irinsu Oga Sam akwai wata al'ada da duk ɗan sashenmu ya sani. Kaya iri biyu ne, akwai haɗin gida, akwai haɗin ofis. Haɗin gida shi ne a ba ka abin da ka biya. Haɗin ofis kuwa, jikin sabo ne dal, da ledarsa da kwalinsa, amma a ciki an rage ram, an sa tsohon faifai da aka ciro daga wata matacciyar na'ura, sauran kuɗin kuma a dawo maka da shi a ambulan. Wa zai kula? Sakatariyar da take buga wasiƙa ce za ta kwance kwamfuta? Kafin ta lalace an sake ba da wata kwangilar.

Na shiga shagonsa na karanta masa abin da nake so. Ya gyaɗa kai, ya dube ni ta saman tabarau.

"Oga, wannan na gida ne ko na ofis?"

Ba waya nake yi ba, ba hankalina ne ya tafi wani wuri ba, na ji shi sarai. Kalma biyu kawai ake buƙata daga bakina. Maimakon haka sai na yi dariya na ce, "Haba Oga Sam, kai ma ka san aikinka."

Me ya sa? Na yi wa kaina wannan tambayar har na gaji. Bashi ake bi na? A'a. Yunwa muke yi a gida? Ko kusa. Albashina yana shiga, alawus yana shiga, ambulan yana shiga. Hannuna ne kawai ya saba, har ya kai ba na iya ganin kuɗi su wuce ta gabana ban gutsura ba, ko na waye. A hanyar komawa na riƙa lallashin kaina, ina cewa muryar tsohuwa ɗaya ce fa, ba ganguna, ba tarin kayan kiɗa, wane nauyi ne da ita da za ta gagari kwamfuta? Da na je ɗaukar kaya Oga Sam ya miƙo mini ambulan, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ya ce faifan waje ba ya cikin lissafi yanzu, akwatin riƙe wutar ma tsohon batir ne a ciki, amma zai ɗan yi. Kun san abin da na yi da adashen Hannatu? Baƙin gilashi na sa wa motata, da sababbin sifiku masu ƙarar da ke girgiza kujera.

Aka ɗauko Mama daga Uke. Muka toshe tagogin falo da barguna, aka shimfiɗa mata tabarma, aka sunkuyar da makirufo daidai bakinta. Ranar farko ina wurin. Ta rufe ido ta fara waƙar niƙa, tana juya hannu kamar dutsen yana gabanta, ba ta kai rabi ba kwamfuta ta sandare. Aka kashe aka kunna, ta sake daga farko. Da aka saurara sai ga muryar tana tsinkewa, tana ƙarar tsartuwa kamar ana soya ƙwai. Aka sake. Mama ta dubi na'urar ta dube ni.

Ta ce, "Ɗana Liman, wannan akwatin naka kurma ce? Sau nawa zan faɗa mata abu ɗaya?"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Matar da likita ya ce ta rage magana, ita ce take maimaita waƙa ɗaya sau uku, sau huɗu, saboda kuɗin ram ɗin da na zuba a motata. Ina kallo tana tari a gefen zanenta, Hannatu tana kawo mata ruwan ɗumi da zuma, tana shafa mata baya. Bulus ya tambaye ni ko wani abu ne, na ce manhajar ce mai nauyi, ya rufe sauran abubuwa, ya sa mata fanka. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni a waya ya kara wayar a jikin kwamfutar, ya ce in saurara. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Duk wanda ya yi aikina ya san wannan ƙarar, faifai ne yake ban kwana.

Ya ce, "Liman, wannan ƙarar fa?"

Na ce, "Fankar ciki ce, kada ka damu."

Ya ce, "Faifan wajen da za mu riƙa kwafewa fa?"

Na ce, "Yana hanya daga Legas."

Na rantse na yi niyyar in saya da kuɗina in kai masa. Na ce bari albashi ya shigo. Albashi ya shigo, sai aka sa sunana a wata tafiyar aiki mai alawus, na ce idan na dawo. Da na dawo na ce ranar Litinin. Duk wannan lokacin Mama tana zuba abin da ta ɗauko daga kakarta a cikin faifan da na san ya kusa mutuwa, kuma babu kwafinsa a ko'ina a duniya.

Waƙoƙin rakiyar gawa ta bari a ƙarshe, ta ce ba a yin su da wasa. Ranar wata Asabar da rana suka shiga cikinsu, janareta yana aiki tun safe. Sai aka kawo wuta, yaran unguwa suka yi ihun da suka saba. Hannatu tana bayan gida tana wanki, ta yi abin da kowace matar gida take yi a ƙasar nan, ta ruga ta canza layi ta kashe janareta don kada mai ya ƙone a banza. Ƙiftawar ido ce kawai tsakanin wannan wuta da waccan, kuma saboda wannan ƙiftawar ake sayen akwatin riƙe wuta. Namu bai riƙe komai ba. Kwamfuta ta mutu Mama tana tsakiyar baiti, da aka kunna kuma ba ta sake tashi ba.

Bulus ya kira ni, na je. Na tarar da shi a durƙushe gaban na'urar, Mama a kan tabarma, Hannatu a bakin ƙofa hannunta da kumfar sabulu. Na danna nan na danna can, ina yin kamar mai bincike, alhali tun a mota na san abin da ya faru. Ya ɗago ya dube ni.

"Liman, kai ka san abin nan. Me ya kashe ta?"

Anti, da a ce shiru na yi ma da sauƙi. Na ce, "Ai ba a canza wuta kwamfuta tana aiki."

Hannatu ta ce, "Amma Yaya, kai ka ce da wannan akwatin ko an ɗauke wuta babu abin da zai faru."

Na ce, "Ɗaukewa daban, canzawa daban."

Ƙarya ce tsagwaronta, babu wani bambanci. Amma wa zai musa mini a ɗakin nan? Ni ne idonsu. Na ga lokacin da maganar ta shige ta, ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa. Bulus bai yi mata tsawa ba, kallonta kawai ya yi, kuma da ya mare ta ma da ya fi. Mama ce ta miƙa hannu ta dafa kanta, ta ce da wata murya da ta riga ta dushe, "Ba komai 'yata, zan sake." Washegari an gwada naɗar waƙoƙin da waya, amma muryar ta riga ta ƙare a maimaici, iska ce kawai take fita. Ranar aiki ta zo aka shiga da ita. Ta fito da rai, ba ta sake furta kalma ba, bayan wasu watanni kuma Allah ya yi mata cikawa.

Na kai faifan wurin duk wanda aka ce ya iya ceto bayanai, da kuɗina, Bulus yana ta yi mini godiya. Kowa ya duba sai ya girgiza kai. Ɗaya daga cikinsu ya ce wannan faifan ya tsufa tun kafin a sa shi, na gode Allah ni kaɗai ne a wurin. Ku ji fa, na gode Allah! Na koma wurin Oga Sam ina huci, ina cewa ya cuce ni. Ko gezau bai yi ba.

Ya ce, "Oga, ai na tambaye ka. Da ka ce na gida ne, wallahi ko waya ɗaya ba zan taɓa ba. Ni ma ina da uwa." Sannan ya ƙara da cewa, "In abokinka ya zo nan da rigima, ni ba zan ɗauki kaya ni kaɗai ba. Zan faɗa masa komai, har na ofis ɗinku."

A wurin jana'izar Mama a Uke, bayan an gama addu'o'in coci, tsofaffin matan danginsu suka taru za su raka ta da waƙar da ita ta raka iyayensu da ita. Suka ɗauko, suka yi baiti biyu, suka tsaya suna kallon juna. Ɗaya ta sake ɗaukowa daga farko, suka zo daidai wurin suka sake tsayawa. Babu wadda ta san ci gaban. Haka aka sauke ta cikin shiru. Ina tsaye kusa da Bulus, na ga ya juya yana neman Hannatu da ido a cikin taro, ita kuma ta sunkuyar da kai tana kuka. Ni ne na riƙe masa kafaɗa.

Tun daga nan gidansu bai sake zama gida ba. Ya daina cin abincinta. Ya daina taɓa kibod, har a coci. Wata rana ya sayo galan ɗin fetur ya dire a gabanta, ya ce ga man da ta yi tattali, ta ajiye ta ga ko zai yi mata waƙa. Bulus fa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba! Ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ta kwashi yaransu biyu ta koma gidan yayanta, shagon ma sai ta ga dama take buɗewa. Shi kuma wurin wa yake zuwa ya yi kuka? Wurina. Ya zauna a falona ya ce ya san bai kyauta mata ba, ya san ba da gangan ta yi ba, amma duk lokacin da ya ga hannunta sai ya tuna. Ya ce, "Liman, kai kaɗai ka rage mini." Ni kuma in ba shi ruwa, in ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Wane irin mutum ne yake iya yin haka? Ina kai goshina ƙasa sau biyar a rana da wannan bakin.

Kada ku zaci na ci bulus. Na cire sifikun motar na ba wani makanike kyauta, amma ban huta ba. A ofis, duk lokacin da aka ɗauke wuta akwatunan riƙe wuta suka fara kuka, sai gumi ya keto mini, in tashi in shiga banɗaki in tsaya. Waƙar nan ta rakiyar gawa, wadda ban san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinta ba, ta zauna mini a kai. Tana zuwa ina tuƙi, tana zuwa ina cikin taro, tana zuwa ina tsakiyar Fatiha, kuma kullum a wuri ɗaya take yankewa, inda tsofaffin nan suka tsaya. Na rame har wandunana suna zamewa. Matata ta sa an auna ni, an ce hawan jini, ta karɓo mini rubutu, na sha don kada ta zarge ni. Na daina karɓar ambulan, abokan aiki suna yi mini tsiya wai na zama waliyyi. Na yi sadaka da ninkin kuɗin, na yi istigfari, amma na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da haka. Sau da yawa na tuƙa mota har ƙofar gidan Bulus da niyyar in faɗa masa, sai in ga takalminsa a bakin ƙofa in juya. Tsoro nake ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina tsoron idonsa, ina tsoron aikina, ina tsoron ranar da 'ya'yana za su ji abin da ubansu ya yi.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, dattawan cocinsu da dangi sun sa zama ranar Asabar mai zuwa, ko a daidaita ko kowa ya kama gabansa. Bulus ya ce in zo in zauna a gefensa. Shekaranjiya kuma ina ofis aka ce ina da baƙuwa. Hannatu ce. Da ƙyar na gane ta, duk ta zube. Ta ƙi zama a kujera, ta rufe ƙofa ta durƙusa a gaban teburina, na ce ta tashi don Allah ta ƙi.

Ta ce, "Yaya Liman, na san ni na jawo. Kullum ina tambayar kaina me ya kai ni, man nawa ne ma. Ban zo in wanke kaina ba. Amma yaran nan suna tambayar babansu, ni kuma ina son mijina. Duk duniya maganarka kaɗai yake ji a kan wannan abu."

Na ce, "To me kike so in yi?"

Ta ce, "Ƙarya nake so ka yi mini. Ranar Asabar ka ce ka sake bincike, ka gano kwamfutar dama can tana da matsala, ko ban taɓa wuta ba za ta mutu. Ka ce ba ni ba ce. Na san kai mai salla ne, na san abu mai nauyi nake roƙonka, ka yafe mini. In Allah ya tambaye ka, ka ce ni na sa ka. Na ɗauki zunubin a kaina."

Ina kallonta a ƙasa, matar da na ci kuɗinta, na ɗora mata laifina, ga ta tana neman gafarata don ta roƙe ni in faɗi gaskiya, tana kuma tayin ɗaukar mini wani zunubin. Kun san abin da na ce mata? Na ce zan yi tunani. Ta yi mini godiya har da hawaye, ta ce a gaida madam da yara.

Idan na faɗi rabi, na ce na'urar ce mai matsala, Bulus ba zai kwana ba sai ya je wurin Oga Sam, kuma can zai ji sauran daga bakin wani. Idan na faɗa duka, na rasa shi har abada, wataƙila da aikina, kuma zan bar shi da sanin cewa mutumin da yake kuka a kafaɗarsa shi ne ya sa aka binne uwarsa babu waƙa. Idan na yi shiru kuma, auren nan ya mutu, Hannatu ta ƙare rayuwarta tana tuba daga laifin da ba ta yi ba. Na san wanne ne daidai, ba jahili ba ne ni. Abin da ban sani ba shi ne ta inda zan fara, da wane ido, a gaban dattawa ko in same shi shi kaɗai tun kafin ranar.

Anti, jama'a, ranar Asabar za a zaunar da ni tsakanin su biyun, kowannensu yana ganin ni ne mai cetonsa. Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?